Daga Fatoman Jega Zuwa Kuki: Tarihin Masu Riƙe Sirrin Baƙo

 A wannan karon na ɗan jingine zancen ƙagaggun labarai domin mu leƙa tarihi, amma fa tarihin wani abu ne da ke cikin aljihun kowannenmu. Duk mai karatu ta waya ya san wani ɗan allo da kan tare masa gaba da zarar ya buɗe shafin intanet, an zuba dogon Turanci, a ƙasa kuma ga wurin latsawa a nuna amincewa. Galibinmu latsawa kawai muke yi mu wuce, domin hankalinmu na kan babi na gaba. Abin da ake neman yardarmu a kansa shi ake kira kuki, wato wata 'yar shaida da mai shafi ke liƙa wa baƙonsa don ya gane shi idan ya dawo.

To, gane baƙo da riƙe labarinsa tsohuwar sana'a ce a ƙasarmu, musamman ga irinmu da muka tashi a Jiga Makera, tsakanin kasuwar Jega da gonakin albasar Aliero. Shi ya sa nake ganin idan muka faro daga zango za mu fi saurin fahimtar abin da ke gudana a intanet, mu ga abin da muka samu, mu kuma ga abin da ya suɓuce mana.

Jega da fatake

Garin Jega bai kai Birnin Kabi ko Katsina tsufa ba. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajajen 1820, bayan rikicin da ya ci mahaifinsa da garin Kware a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abdussalamin nan shi ne malamin Gimbana wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa ya zama ɗaya daga cikin musabbabin jihadin 1804, ita kuwa Gimbana nan kusa take da Jega. Da yake sabon garin a bakin gulbin Zamfara yake, kuma a ƙarƙashin inuwar Gwandu, ba a daɗe ba ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, kuma matattarar ayarin da ke tafiya Gwanja sayen goro.

Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ya biyo ta Jega, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya wuce Sansanin Mango da Yandi, sannan ya sauka Salaga. Tafiya ce ta watanni masu yawa, zuwa da dawowa kan iya cin shekara. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba, ga jakuna da alfadarai ɗauke da kanwa da tufafi da jima, har da gabu, wato busasshen ganyen albasa, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 kan fataucin goro. Akwai kuma bayi a cikin hajar, wannan wani ɓangare ne na tarihinmu da bai kamata a ɓoye ba. Abin lura dai shi ne albasar ƙasar Hausa ta daɗe tana bin hanyar kudu tun kafin a san mota.

Falke idan ya iso gari ba ya sauka a ko'ina sai wurin fatomansa, wato mai masaukinsa. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, a dafa masa abinci daga cikin gida, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta idan ana bukata. Idan za a ba da kaya bashi, shi ne mai lamuni, in mai saye ya gudu a wuyansa abin zai faɗa. Ladansa kuwa yana fitowa ne daga la'adar ciniki. Saboda haka dole ne fatoma ya san baƙonsa ciki da bai. Ya san yawan jakunansa bara da bana, ya san ko jarinsa ya ƙaru ko ya karye, ya san wanda ke binsa bashi, ya san ciwon da ke damunsa, wani lokacin ma ya san matar da ya aura a hanya wadda uwargida ba ta da labari. Bayan shekara biyu idan falken ya dawo ba sai ya gabatar da kansa ba, tun daga ƙofar gari an gane shi.

Wannan tsari bai mutu da mutuwar ayari ba. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya tarar da masu gida Hausawa suna gudanar da cinikin shanu da goro a kan wannan turba. Shanu bashi ake ba mahauta, mai gida ne ke tsaya wa baƙonsa, don haka babban jarinsa shi ne sanin halin kowane mahauci da abin da ake binsa. Har yau ɗan Aliero ko Maiyama da ya yi lodin albasa zuwa kurmi ya san cewa samun mai masauki na kirki ya fi samun farashi mai kyau na rana ɗaya.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya hana fatoma tallata sirrin baƙinsa? Da farko dai baƙo ya san wanda ya san shi, ya san gidansa da 'ya'yansa, ido da ido suke mu'amala. Na biyu, cin amana ba ya ɓoyuwa a kan hanyar fatake. Kafin damina ta zagayo labari ya kai Salaga ya dawo, madugai sun sauya masauki, zauren ya koma wurin kwanan awaki. Na uku, sanin nasa yana da iyaka. Fatoman Jega bai san abin da ka yi a Nikki ba sai in kai ka faɗa masa, kuma ranar da ya kwanta dama yawancin abin da ya sani ya bi shi kushewa. Hausawa na cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma shi wannan ciki mai riƙe magana shi ne martabar fatoma.

Mu kuma tuna da fasalin gidan Bahaushe. Baƙo iyakarsa zaure, sai ya yi sallama, kuma ba kowa ake cewa ya shigo ba. Kalmar da muke da ita ta abin da ake magana a kai ita ce rufin asiri, kuma kowa ya san tana cikin addu'ar da aka fi yi wa mutum. Ashe ke nan ba Turawa ne suka koya mana cewa mutum na da abin da ba na kowa ba ne.

Da takarda ta shigo

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Cikin abubuwan da suka fara yi har da kafa wuraren karɓar kuɗin fito a kan manyan hanyoyin fatake, inda ake ƙidaya kaya a biya, a ba falke takarda ya riƙe don ya nuna a gaba. An soke wannan kuɗi a 1907, amma ɗabi'ar ta zauna. Rasidin haraji ya gaje ta. Dattawanmu suna ba da labarin yadda mai tafiya cin rani kan naɗe rasidinsa a leda ko a cikin laya, domin in 'yan doka suka tare shi babu ita, ya shiga uku. Sai a 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, wasu jihohi suka biyo baya.

A nan ne aka sami babban sauyi na farko. Abin da ke cikin kan fatoma ya koma cikin littafi. Kai kana riƙe da 'yar takarda mai lamba, kwafinta kuma na ofis, kuma littafin ofis ba ya tsufa ya mance, ba ya jin kunyar kowa. Malamin haraji zai mutu, wani ya hau kujerarsa ya buɗe shafin da aka tsaya.

A zamaninmu abin ya ƙara faɗi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka fara rajistar layuka a 2011, aka kawo lambar BVN ta bankuna a 2014, sannan a Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN. Duk waɗannan dai mutum da ƙafarsa yake zuwa, ya bi layi a rana, ya danna yatsa, a ɗauki hotonsa. Ko yana so ko ba ya so, ya san an rubuta shi, ya kuma san wanda ya rubuta. Shi kuwa kuki a nan ya sha bamban, domin shekaru ya yi yana aiki kafin yawancin mutane su san da shi.

Haihuwar kuki

Asalin yadda aka gina shafukan intanet, ba su da tunawa ko kaɗan. Duk lokacin da ka latsa wani abu, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta tana ɗaukarka sabon baƙo ne fil. Ka ƙaddara mai kanti ne da zai miƙo maka sukari, ka juya ka ce a ƙara sabulu, ya dube ka ya ce malam daga ina? Da irin wannan mantuwa ba yadda za a yi ciniki.

A 1994 wani matashin injiniya mai suna Lou Montulli, da ke aiki a kamfanin Netscape na Amurka, ya samo mafita. Akwai shawarar a ba kowace burauza lamba guda ta dindindin da kowane shafi zai iya gani, shi kuwa ya guje wa hakan, domin ya hango za a riƙa bin sawun mutane da ita. Sai ya tsara cewa kowane shafi ya ba baƙonsa 'yar takarda tasa ta kansa, burauza ta adana, in baƙon ya dawo ta miƙa wa shafin da ya bayar, shi kaɗai. Sunan kuki, wanda a Turance wani ɗan biskit ne, ya aro shi ne daga wata tsohuwar kalma ta masu rubuta manhajar kwamfuta.

Wanda ya taɓa ajiye babur a bakin kasuwa ya riga ya san yadda abin yake. Ana ba ka ɗan kati mai lamba, a rataya irinsa a jikin babur. Katin ba ya ɗauke da sunanka, amma da ka miƙa shi an san wane ne naka. Haka kuki yake, ɗan rubutu ne da bai fi haruffa 4,000 da 'yan kai ba, galibi ma lamba ce kawai. Ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ce, ba ya buɗe hotunanka, ba ya sauraren hirarka. Bayanin da ke da nauyi yana can cikin littafin mai shafi, inda aka rubuta cewa mai lamba kaza ya zo ranar kaza, ya duba kaza, ya daɗe minti kaza.

Irin wannan, da zan kira kukin mai gida, amfaninsa a fili yake. Shi ne ke sa ba a tambayarka kalmar sirri a kowane shafi, shi ke riƙe kayan da ka zaɓa a kantin intanet, shi ke tuna cewa Hausa ka zaɓa. Waɗanda suka yi zamanin shagunan intanet na shekarun 2000, lokacin da ake tafiya Birnin Kabi ko Sakkwato a sayi awa ɗaya, za su tuna yadda mutum kan zauna ya tarar da akwatin saƙon wanda ya tashi a buɗe. Wancan ya tafi ne ya bar katinsa a kan tebur, kwamfuta kuwa kati ta sani, ba ta san fuska ba. Wannan haɗari yana nan har gobe ga mai shiga asusunsa a wayar aro ko a shagon cike takardun jarrabawa.

Kukin bare

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafin da kake gani a matsayin abu guda, a haƙiƙa haɗin gambiza ne. Rubutun na mai gida ne, amma tallan da ke gefe daga wani kamfani yake zuwa, haka ma'aunin ƙidayar baƙi, haka maɓallin nuna so na Facebook da aka fara dasawa a shafukan mutane a 2010. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ba ka nasa katin. Idan kamfanin talla guda yana da kusurwa a shafuka dubu, to duk wanda ka shiga daga cikinsu burauzarka za ta miƙa masa katinsa, ya rubuta cewa mai lamba kaza ya iso nan ma. Wannan shi ne kukin bare.

Mu mayar da shi zango. Ka ƙaddara wani attajiri ne da ba ka taɓa gani ba, ya ajiye yaronsa a kowane zaure tun daga Jega har Salaga. Ba sa yi maka magana, sai dai kowa ya duba shaidar da aka ɗaura wa jakinka ya rubuta abin da ka saya da wanda ka taya ka fasa, da dare duk a tattara a littafi guda. Babu fatoman da ya taɓa samun irin wannan sani, babu kuma sarkin da ya taɓa samu.

Jama'a ba su fara jin labarin kuki ba sai da jaridar Financial Times ta yi rubutu a kansa a Fabrairun 1996. A Fabrairun 1997 ƙa'idar da Montulli da David Kristol suka rubuta ta nemi burauza ta riƙa toshe kukin bare tun daga tushe, sai in mai ita ne ya buɗe da kansa. Netscape da Microsoft, masu manyan burauzojin lokacin, ba su bi ba. A 1999 kamfanin talla na DoubleClick ya sayi Abacus Direct a kan dala biliyan 1.7. Shi Abacus yana riƙe ne da sunaye da adireshi da tarihin sayayyar miliyoyin gidaje a Amurka, niyyar kuwa ita ce a haɗa lambar kuki da sunan mai ita. Hayaniyar da ta tashi ta sa kamfanin ya janye a Maris na 2000. Amma a 2007 Google ya sanar da sayen DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, kuma a 2016 ya sauya ƙa'idarsa ta yadda zai iya haɗa bayanan yawon mutum da asusunsa mai ɗauke da sunansa. Abin da aka hana ta ƙofa ya shigo ta taga bayan shekara 16.

Ba 'yan kasuwa kaɗai suka ga amfanin abin ba. A Disambar 2013 jaridar Washington Post ta ruwaito, daga takardun da Edward Snowden ya fallasa, cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA tana amfani da wani kukin Google wajen gane kwamfutar wanda take nema. Shaidar da ɗan kasuwa ya ɗaura, ɗan doka ma yana iya karanta ta.

A yau kuma akwai gwanjo. A cikin ɗan lokacin da shafi ke buɗewa, wanda bai kai ƙiftawar ido biyu ba, ana aika bayanin baƙo ga masu talla da dama, wato irin wayarsa da yankin da yake da abin da ake jin yana so, kowa ya taya, wanda ya fi tsoka tallansa ya bayyana. Waɗanda ba su ci gwanjon ba su ma sun ga bayanin.

Doka ta biyo baya

Ƙasashen Turai ne suka fara yunƙuri. Dokarsu ta 2002, wadda aka gyara a 2009, ta wajabta neman yardar baƙo kafin a ajiye masa kukin da ba dole ba ne, sannan babbar dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Daga nan ne allon nan da ke tare mana gaba ya yawaita. Sai dai masu shafuka sun iya dabara, suna sa maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙi kuwa a ɓoye shi cikin lungu. A kan wannan ne hukumar Faransa ta sanar a Janairun 2022 cewa ta ci Google tarar yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60. Ta ɓangaren burauza, Firefox ta fara toshe kukin bin sawu a 2019, Safari ta toshe kukin bare gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a Janairun 2020 cewa Chrome ma za ta daina cikin shekara biyu, ya yi ta ɗagawa, daga bisani a 2024 ya fasa.

A nan gida, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a Janairun 2019, sannan a Yunin 2023 aka sa hannu a kan cikakkiyar doka, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Agustan 2024 wannan hukuma ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma cikin laifukan da ta lissafa har da sarrafa bayanan mutane ta hanyar kuki da manhajar waya ba tare da cikakkiyar yardarsu ba, ko da yake bankin ya musanta. A Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, bisa zargin da ya haɗa da raba bayanan 'yan Nijeriya ba da izininsu ba, kotun ɗaukaka ƙara ta musamman kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Ke nan doka ta samu. Abin da ya rage shi ne mutumin Maiyama ko Jiga ya san tana nan, tun da allon neman yardar da Turanci yake zuwa, shi kuwa yarda da abin da ba ka fahimta ba sunanta kawai yarda.

Ina ruwanmu?

Na sha jin masu cewa, ni da ba ni da ko sisi a banki, me za a sata a wurina? Wannan magana ta ɗauka cewa kuɗi ne kawai abin ɓoyo. Mu da muke harkar littattafai mun fi kowa sanin ba haka ba ne. Abin da mutum ke karantawa shi kaɗai cikin dare ya fi abin da yake faɗa a majalisa bayyana halin da yake ciki. Matar da ta bi labarin rashin haihuwa babi arba'in, ta koma tana binciken magani, ta faɗi abin da ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba. Haka magidancin da ke neman bayani a kan ciwon da yake jin kunyar kai wa likita, ko manomin da albasarsa ta ruɓe a rumbu yake binciken inda ake ba da rance, ko ɗalibar jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da ke neman shawara a kan auren da ba ta so.

Kuma a gidajenmu waya ɗaya kan bi hannu biyar. Tallan da aka auna da abin da ka bincika jiya, a gaban ƙanenka ko mijinki zai iya fitowa yau. Wanda aka gane yana cikin matsin kuɗi shi masu ba da bashi ta waya za su fi yi wa talla, wanda aka gane yana da ciwo shi masu maganin ƙarya za su fi bi. Fatoma idan ya ga jarinka ya karye, mai yiwuwa ya yafe maka kuɗin abinci. A gwanjon talla kuwa karyewar taka ita ce hajar da ake tayawa.

Ban ce a daina karatu a intanet ba, ban kuma ce masu sa talla a shafukansu maciya amana ne ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Marubuciyar da ta kwana tana rubutu, da mai shafin da ke sayen data yana biyan kuɗin ajiya, dole su ci abinci, kuma tun da kasuwar littafin takarda ta ja baya, talla na cikin 'yan hanyoyin da suka rage. Abin da nake cewa shi ne mai shafi fatoma ne, baƙinsa amana ne a wuyansa. Ya kamata ya san ko yaran wa ya bari suka zauna a zaurensa, ya rage waɗanda ba su da amfani, ya kuma yi wa baƙinsa bayani da harshen da suke ji.

Shi kuma mai karatu akwai abin da ke hannunsa. Idan allon ya fito, a ɗan daure a nemi wurin ƙin amincewa ko wurin zaɓar na dole kawai, galibin shafuka za su buɗe duk da haka. A cikin saitin kowace burauza akwai wurin toshe kukin bare da wurin share waɗanda suka taru, sai dai bayan sharewa za a sake tambayarka kalmar sirri, don haka a tabbata ana tune da ita. Wanda ya shiga asusunsa a wayar wani ko a shago, ya tabbata ya fita kafin ya tashi, rufe shafi kawai bai wadatar ba. Akwai kuma tagar sirri da burauza ke da ita, wadda ke zubar da kuki da zarar an rufe ta. Tana da amfani ga masu waya ɗaya, amma ba ta ɓoye ka daga kamfanin layinka ko daga shafin da ka shiga.

A kuma sani cewa kuki ba shi kaɗai ba ne a fagen. Manhajojin waya suna amfani da wata lambar talla da ke jikin wayar, wadda ita ma ana iya gogewa ko sauyawa a saiti, sannan akwai dabarar gane waya ta hanyar haɗa siffofinta, kamar girman allo da harshe da irin burauza, ko da babu kuki ko ɗaya. Saboda haka dabarar mutum ɗaya tana rage ɓarna ne kawai, sauran aikin na hukuma ne da masu shafuka, da kuma mu marubuta da ya kamata mu riƙa fassara wa jama'a waɗannan abubuwa.

Shekara 200 ke nan da kafa Jega, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa yin zamanin da matafiyi ya wuce ba a san da shi ba. Tambayoyin da falke kan yi kafin ya sauke kayansa su ne dai har yanzu: gidan wa na sauka, wa ke zaune a zauren, kuma in aka ci amanata wurin wa zan kai ƙara? Duk shafin da ya kasa amsa waɗannan, a karanta abin da aka zo karantawa, amma a riƙe bakin jaka.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.